Daga Magurji Zuwa Bisije: Tarihin Raba Auduga da Angurya

Duk wanda ya tashi a gidan da tsofaffi ke kaɗi ya san magurji. Dutse ne shimfiɗaɗɗe mai santsi, da ɗan ƙarfensa mulmulalle wanda tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Kakata takan miƙe ƙafa a tsakar gida bayan la'asar, ta ɗora 'yar auduga kaɗan a kan dutsen, ta danne ta da ƙarfen, ta murza da tafin hannu biyu. Angurya ta riƙa tsalle tana faɗawa gaba, farar auduga tana zama a baya. Mu yara aikinmu tsince anguryar da ta gangara mu zuba a ƙwarya. Sai an gama wannan ake ɗauko bakan shiɓa, sannan mazari, sannan zare ya tafi wurin masaƙi, daga can ƙyalle ya wuce marina. A cikin wannan jerin aiki babu mai cin rai kamar gurza, kuma babu wanda aka fi mantawa da shi idan ana yabon riga.

Matsalar a jikin audugar take. Idan ka ɗebo ta daga gona ka auna, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta angurya ce, kashi ɗaya ne kawai abin kaɗi. Kuma silin ba lulluɓe ƙwayar ya yi ba, daga fatarta ya tsiro, kamar yadda gashi ke tsirowa a kai. Ba irin tsaba da ƙaiƙayi ba ne da za a sheƙe iska ta raba su, ba kuma gari da tsaki ba ne da rariya za ta yi maganinsu. Dole sai an fizge. A fizge da ƙarfi sili ya tsinke, a danne da yawa ƙwaya ta fashe manta ya ɓata farin. Tarihin injin gurza gaba ɗayansa neman hanyar fizgewa ne da sauri ba tare da ɓarna ba, kuma abin da nake son nunawa shi ne, duk inda aka sami wannan hanya, wanda ya mallake ta shi ya riƙe wuyan manomi da na masaƙi baki ɗaya.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa abin da ake kaiwa Timbuktu kaɗai a shekara ya kai kayan raƙumi 300, ban da na Borno da Agadas da ƙetaren hamada. Turkuɗin Kura, da rigunan saƙi, da zannuwan da Buzaye ke nema ruwa a jallo, kowane zare da ke jikinsu sai da ya bi ta kan magurjin wata mace a cikin wani gida. Wannan babbar sana'a a kan tafin hannun mata ta tsaya. Akwai kuma wani abu da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin za mu dawo kansa: a wancan tsari, auduga ta tafi kasuwa, angurya ta zauna a gida. Da ita ake shuka baɗi, ragowar a ba shanu. Manomi bai taɓa roƙon iri a wurin kowa ba.

Ba mu kaɗai muka san dutse da ƙarfe ba. A kogunan Ajanta na ƙasar Indiya akwai zanen bango na wajen ƙarni na 5 da ke nuna irin wannan gurza. Indiyawa ne kuma suka fara wuce wannan mataki, tsakanin ƙarni na 12 da na 14, da wata na'ura da suke kira charkha: sanduna biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, ana juya su da mariƙi suna cin juna. Ratar da ke tsakaninsu ta ishi sili ya wuce, amma ba ta ishi ƙwaya ba. Dabara ce mai kyau, ta bi 'yan kasuwa har ta isa tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka, inda aka ƙara mata mataki na ƙafa, daga baya wani Joseph Eve a Bahamas ya ƙera wadda ke ciyar da kanta da auduga a 1788. Sai dai sandunan sun fi jin daɗin auduga mai dogon sili wadda ƙwayarta baƙa ce sumul. Irin wannan kuwa a bakin teku kawai take yi a Amurka. Wadda ke yi a tudu gajeren sili gare ta, ƙwayarta koriya mai gashi-gashi, ta manne kamar ƙaya a jikin tunkiya. Mai tsince ta da yatsu yakan wuni bai wuce laba ɗaya ba.

A daidai wannan zamani Ingila ta kamu da yunwar auduga. James Hargreaves ya ƙera injin kaɗi mai mazarai da yawa a wajen 1764, Richard Arkwright ya kawo wanda ruwa ke juyawa a 1769, Samuel Crompton ya haɗa dabarun biyu a 1779. Kaɗin da mata ɗari za su yi, inji ɗaya ya yi shi. Amma inji ba ya kaɗa angurya. Gaba ta yi sauri, baya tana rarrafe.

Eli Whitney ɗan Massachusetts ne, an haife shi a 1765, ya gama jami'ar Yale a 1792 da bashi a wuyansa, ya nufi kudu neman aikin koyarwa. Aikin bai yiwu ba, sai ya sauka a gandun Mulberry Grove kusa da Savannah a jihar Jojiya, wurin Catherine Greene, matar marigayi Janar Nathanael Greene. A nan ya ji masu gandu suna kukan koriyar ƙwaya, a nan kuma ya haɗa na'urarsa a 1793. Gungumen itace ne da aka kakkafa masa ƙugiyoyin waya layi-layi. Yana juyawa, ƙugiyoyin suna leƙawa ta tsagogin wani shingen ƙarfe su kamo sili su jawo shi. Tsagar ta yi wa ƙwaya kaɗan, don haka ta tsaya a waje ta zube ƙasa. A bayan gungumen akwai wani mai buroshi da ya fi shi saurin juyawa, yana share audugar daga ƙugiyoyin don kada su toshe. Charkha matsewa take yi ta tura ƙwaya baya, wannan kuwa yagowa yake yi. Shi ya sa bai damu da mannewar ƙwaya ba, shi ya sa kuma yake raunata sili fiye da sanduna. Na hannu ma yana fitar da laba 50 a rana.

An ba shi takardar mallakar fasaha ranar 14 ga Maris, 1794. Shi da abokin cinikinsa Phineas Miller suka yanke shawarar ba za su sayar da injin ba. Za su kafa shi a wurare, manoma su kawo auduga a gurza musu, su kuma su ɗauki kashi biyu cikin biyar. Tun ranar farko ke nan mai injin ya gane cewa ƙofar da kowa zai bi ya samu. Masu gandu ba su yarda ba. Na'urar ba ta da wuyar kwaikwayo, kowane maƙeri da kafinta na iya haɗa ta, kuma a 1796 wani Hodgen Holmes ya sami tasa takardar bayan ya sauya ƙugiyoyin waya da faifan zarto, wanda shi ne ya ɗore har yau. Whitney ya shekara goma yana zaryar kotu. Jihar Carolina ta Kudu ta amince ta biya dala 50,000 don mutanenta su yi amfani da injin, amma sai 1807 kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa sosai, lokacin da wa'adin takardar ya zo ƙarshe. Ya riga ya koma ƙera bindigogi tun 1798, kuma a can ya yi arzikinsa kafin ya rasu a 1825.

Abin da ya biyo baya ba labarin Whitney ba ne kuma. A 1790 audugar da Amurka ta noma ba ta wuce dila 'yan dubbai ba. A 1860 ta haura dila miliyan 4, ta zama fiye da rabin darajar duk abin da ƙasar ke fitarwa waje. Mai saurin yanke hukunci zai ce inji ya rage wa bayi wahala, tunda ya karɓe musu tsintar ƙwaya. Akasin haka aka gani. Inji ya iya gurza, amma bai iya shuka ba, bai iya noma ba, bai iya ɗiba ba. Da aka buɗe toshewar da ke gaba, sai aka buƙaci ƙarin hannaye a baya. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000, ta 1860 ta nuna kusan miliyan 4. Aka kori 'yan asalin ƙasar daga filayensu bayan wata doka ta 1830, aka mayar da Alabama da Mississippi gonakin auduga, aka kwashi bayi wajen miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi aka sayar da su can, ana raba uwa da ɗa a bakin kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina ganin bai halatta a ba da tarihin wannan inji a tsallake wannan ba.

Bai kuma halatta mu faɗi na wasu mu ɓoye namu ba. Audugar da ta cika kasuwar Kurmi a zamanin Barth, wani kaso nata a rinji da gandayen sarakuna da attajirai aka noma shi, kuma bayi ne suka noma. Tsarin ya bambanta da na Amurka ta fuskoki da yawa, girmansa ma ba ɗaya ba ne, amma wanda aka kamo daga garinsu aka sa shi noma ba da son ransa ba, shi ya san abin da ya ɗanɗana.

Injin kansa ya ci gaba da girma. A 1840 Fones McCarthy ya farfaɗo da hanyar sanduna: gungume mai rufin fata yana jan sili, wuƙa tana sama da ƙasa tana bugun ƙwaya. Wannan ya dace da dogon sili, shi ya sa ya sami karɓuwa a Masar da Indiya, daga baya kuma a Jazira ta Sudan, inda bayan gina dam ɗin Sennar a 1925 dubban Hausawa da Fulani masu niyyar Hajji suka riƙa tsayawa ɗibar auduga don haɗa guzuri, wasunsu har suka zauna. A shekarun 1880 kuma Robert Munger a Texas ya haɗa aikin duka ya zama layi ɗaya, iska tana ɗaukar auduga daga wannan na'ura zuwa waccan.

Wanda ya taɓa shiga gidan gurza a lokacin kaka ya ga wannan layi. Wani ƙaton bututu ne ke zuƙe audugar daga mota. Farkon abin da ake rabawa nauyi ne: dutse da ɗanyen ƙwallo su faɗa wani rami, audugar da ba ta da nauyi ta wuce da iska. Idan da danshi a busar da ita, domin an fi son ruwan jikinta ya tsaya wajen kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari. Ta fi haka, datti ya ƙi sakinta. Ta gaza haka, sili ya riƙa karyewa. Daga nan ta bi ta kan wasu gangunan ƙarfe masu tsinke, suna bugunta a jikin raga, ƙasa da busasshen ganye suna zubewa. Wata na'ura ta cire kara da ɓawo. Sai uwar aikin: faya-fayen zarto jere a kan sanda ɗaya, 80 ko 90 a tsofaffin injuna, fiye da 150 a na zamani, kowanne yana ratsa tsakanin haƙarƙarin ƙarfe biyu. Angurya ta zubo ta ƙasa kamar ruwan sama, farar auduga ta tashi ta baya kamar hazo, a sake tsefe ta, a tara, a danne da matsi mai ƙarfi, a ɗaure da waya ta zama dila. Ƙurar da ta rage a iska ma sai an tace ta, a wasu mazurarai da ke juya iska har ƙurar ta kwanta, domin ita ce ke cinye huhun ma'aikata, ita ce kuma ke kama wuta da ƙyastu ɗaya. Rairaya da sheƙa da tankaɗe da gurza, duk ayyukan tsakar gida ne aka jera su a rufi ɗaya aka sa musu ƙarfin inji.

Yadda wannan inji ya iso ƙasar Hausa kuwa, sai an koma yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Kafin yaƙin, fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar da masaƙun Lankasha ta Ingila ke ci daga Amurka take zuwa. Da aka toshe tasoshin jiragen kudu, masaƙu suka tsaya, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka koma cin sadaka. Masu masaƙun ba su manta da wannan ba. Da farashi ya sake tashi a ƙarshen ƙarnin, sai suka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, a Manchesta a 1902, ƙarƙashin Alfred Jones mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster. A duba shekarun da kyau: 1902 aka kafa ƙungiyar, 1903 sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, 1904 ƙungiyar ta sami takardar izini daga fadar Sarkin Ingila. Sun karanta labarin matafiya, sun san akwai ƙasar da manomanta suka gaji auduga kaka da kakanni. Lissafinsu shi ne a shimfiɗa dogo, a kafa inji, auduga ta gangaro da kanta. Suka fara da ƙasar Yarabawa da Lokoja, aka soma aikin dogo daga Baro a 1907, ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa gidan gurza a Zariya yana jiran kaya.

Kayan ba su zo ba, kuma wannan shi ne wurin da ya fi burge ni a labarin duka. Kamfanin ya sa farashinsa a wajen kwabo ɗaya kan kowace laba, domin dole ya cire kuɗin jirgin ƙasa da na ruwa ya kuma yi gogayya da audugar Amurka a Libaful. Fataken Kano kuwa ba su da wannan nauyi. Jakunansu na nan, masaƙansu na nan, masu sayen turkuɗi na nan, don haka suna iya biyan fiye da abin da Bature zai biya. Manomin Zazzau da na kudancin Katsina ba ya buƙatar mai yi masa lissafi. Audugarsa ta bi jaki zuwa arewa, ta bar jirgi yana huci. Shi kuma manomin Kano ya duba ya ga gyaɗa ta fi: ba ta cin ƙasa kamar auduga, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta, abin da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tabbatar wa kowa cewa ba ƙaramin abu ba ne. Dogon da aka shimfiɗa don auduga ya ƙare da jigilar gyaɗa. Magurjin tsohuwa da masaƙar ƙauye sun ka da injin Manchesta a zagayen farko, ba da zanga-zanga ba, da farashi.

Da kasuwa ta ƙi, sai aka biyo ta hanyar iri. A 1912 aka shigo da wata audugar Amurka mai suna Allen, aka gwada ta a gonar gwamnati ta Maigana kusa da Zariya. Silinta ya fi na gida tsawo, ta fi ba da fari idan an gurza, ita ce kuma irin da injunan Lankasha suka saba da ita. Aka riƙa raba anguryarta kyauta ta hannun hakimai da dagatai. Aka kafa dokokin da suka hana shuka irin gida a yankunan da aka keɓe, aka tsayar da kasuwannin auduga na hukuma inda malamin auduga ke dubawa ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, wannan lamba uku, aka kuma wajabta tuge karan auduga a ƙone bayan kaka saboda tsutsa. Haraji kuma sai da kuɗin Bature, kuma lokacin karɓarsa ya zo daidai da buɗe kasuwa. Daga shekarun 1920 gidajen gurza suka bazu, musamman da reshen dogo ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Malumfashi da Kwantagora suka samu, daga baya Gwambe da Kumo da Misau. Bakin Bahaushe ya lanƙwasa haruffan nan huɗu suka zama Bisije, sunan da har yau yake kan unguwanni a wasu garuruwan, ko da injin ya daɗe da yin shiru. Funtuwa da Gusau ba za su zama abin da suka zama ba in ba don wannan ba.

A nan ne abin da na ce a riƙe ya dawo. Manomin da ya kai audugarsa kasuwar hukuma ya sayar da ita da anguryarta a ciki. Rabuwar da a da ake yi a tsakar gidansa yanzu a bayan katangar kamfani ake yinta. Farar ta tafi Ingila, anguryar ta zauna a hannun mai inji, shi zai zaɓi wadda za a mayar wa manoma da wadda za a loda a jirgi. Wato gidan gurza ya zama rumbun irin ƙasa gaba ɗaya. Adalci shi ne a faɗi cewa wannan tsari ya yi amfani ta wata fuska. Tashar bincike ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, takan fitar da ingantaccen iri, a yaɗa shi a gonar Daudawa, a gurza shi shi kaɗai ba tare da gauraya ba, a raba wa ƙauyukan kusa, baɗi a faɗaɗa, har cikin 'yan shekaru ya game lardi. Irin da ake kira Samaru 26C da wanda ya gaje shi 26J ta haka suka yaɗu. Amma farashin wannan tsabta shi ne manomi ya daina zama mai iri, ya zama mai jiran rabo. Hukumar cinikin auduga da aka kafa a 1949, da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, su ke yanka farashi tun kafin a buɗe kasuwa, su riƙe rarar. Da rarar an yi ayyukan raya ƙasa, wannan gaskiya ne, amma daga gumin wa aka cire ta, wannan ma sananne ne.

A gefe guda akoko da atamfa suna cika kasuwanni, masaƙan gargajiya suna raguwa, magurji yana komawa bayan ɗaki. Sai dai a wannan karon farar audugar ta fara samun inda za ta tsaya a gida. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 da ƙoƙarin gwamnatin Sardauna, wasu suka biyo baya a Kakuri da Kano da Gusau da Funtuwa, har aka kai lokacin da masaƙu ke gaba da kowace masana'anta a ƙasar wajen ɗaukar ma'aikata.

Ita ma anguryar ta sami nata injunan. A Amurka an daɗe ana ɗaukarta shara, har jihar Mississippi ta yi doka a 1857 don hana masu gurza zubar da ita a rafuka. Daga baya aka gane kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta mai ne. Sai a aske ɗan gashin da ya rage a jikinta, a fasa ɓawon a sheƙe shi, a turara ƙwayar a matse. Man da ke fitowa baƙi-baƙi ne, yana ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira gosifol, don haka sai an wanke shi da sinadari mai kama da ruwan toka, a bi da shi ta matatar da aka jera farantai da ƙyallaye ana tura shi da ƙarfi, sannan a cire warinsa da tururi. Tunkuzar da ta rage kuwa duk mai kiwon sa ko ragon layya ya san darajarta. Shi ya sa matatun man angurya suka tsiro a gindin gidajen gurza a Funtuwa da Gusau da Gwambe.

A shekarun 1970 gidajen gurzar Bisije suka koma hannun Najeriya, a 1986 kuma, cikin tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Manoma da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin sun gaji da farashin da aka yanka musu a ofis. Amma an rushe gini ba a tanadi wanda zai ɗauki jinkar ba. Malamin auduga ya ɓace daga kasuwa, lamba ɗaya da lamba uku suka shiga buhu ɗaya. Sababbin masu gurza suka yawaita, kowa yana sayen abin da ya samu daga inda ya samu, anguryar wannan yanki ta cakuɗe da ta wancan, mai matse mai yana zawarcin ƙwayar da ya kamata a ajiye don shuka. Samaru ba ta daina fitar da iri ba, jerin Samcot shaida ne, amma hanyar da irin ke bi ya isa gona da tsabtarsa ta yanke. Ni a ganina wannan ya yi wa audugar Arewa illa tun kafin rashin wutar lantarki da kayan fasa-ƙwauri su durƙusar da masaƙu, har ta kai masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta UNTL ta bi sahu a 2007. A maƙwabta kamar Kamaru, inda kamfanin Sodecoton na Garwa ya ci gaba da riƙe gurza da iri da bashin taki a hannu ɗaya, noman bai faɗi irin faɗuwar namu ba, ko da yake manomin can ma yana da nasa kukan a kan farashi.

Akwai kuma wata cuta da ta shigo ta inda ba a zata ba, wato buhun leda, irin na taki da na shinkafa. Yana da araha, yana ko'ina, don haka da shi ake ɗibar auduga a gona, da shi ake kai ta kasuwa, da igiyarsa ake ɗinke baki. Zarensa kan zare ya shiga cikin audugar. Fari ne kamar ita, ba shi da nauyi kamar ita, don haka ramin dutse ba ya kama shi, iska ba ta ware shi, raga ba ta tare shi. Zarto kuwa yayyanka shi yake yi, zare ɗaya ya zama ɗari, ya bazu cikin dila. Ba a ganinsa a kaɗi, ba a ganinsa a saƙa, sai an kai yadi rini, domin leda ba ta shan baba ba ta shan kowane launi, sai fararen layuka su fito a jikin ƙyalle, a mayar da shi gefe. Saboda wannan masu saye a kasuwar duniya suke rage wa audugar Najeriya kuɗi tun kafin su kwance dila. Manyan masaƙun ƙetare sun sa na'urori masu kyamara da ke hango baƙon zare su hure shi da iska, amma ko su ba sa kama duka, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin masu gurzarmu. Abin da masu kula daga cikinsu ke yi shi ne su raba wa manoma buhunan yadi, sannan kafin auduga ta shiga bututu a zazzage ta a ƙasa, a ɗauki mata su zauna a kewaye, su miƙe ƙafa, suna buɗa ta da yatsu suna zare ledar ɗaya bayan ɗaya.